Barci da Halin Zuciya: Darasi Daga Manyan 'Yan Wasa

Yau zan yi magana a kan barci, abin da kowa ke yi amma ba kowa ke ba shi hakkinsa ba. Zan kawo misali daga manyan 'yan wasa na duniya, domin jikinsu shi ne jarinsu, kuma masana sun auna barcinsu da kyau.

Abu na farko, damuwa tana hana barci. A wani bincike da aka buga a shekarar 2011, an tambayi 'yan wasa 632 a ƙasar Jamus. Kusan biyu cikin uku suka ce sun taɓa rasa barcin kirki a daren jajiberin babbar gasa. Abin da ya fi hana su shi ne tunanin wasan da fargaba. Kun ga ashe gwani ma yakan kwana yana juyi a kan gado.

Abu na biyu, rashin barci kuma yana ɓata zuciya. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, shi ke tayar da tsoro da fushi. Sashen da ke bayan goshi shi ne linzaminsa. A shekarar 2007, Matthew Walker da abokan aikinsa a Amurka sun hana wasu mutane barci na wajen awa 35, sa'an nan suka nuna musu hotuna masu tayar da hankali. Motsin amigdalarsu ya fi na waɗanda suka yi barci da sama da kashi 60 cikin ɗari, linzamin kuma ya yi sako-sako. Ɗan wasan da ke cikin wannan hali, ƙaramin turi ya isa ya tunzura shi. To, damuwa ta hana barci, rashin barci ya ƙara damuwa, haka abin ke zagayawa.

Abu na uku, ana iya gyarawa. A Jami'ar Stanford, Cheri Mah ta sa 'yan ƙwallon kwando 11 su riƙa ƙoƙarin yin awa 10 a kan gado kowane dare, har mako biyar zuwa bakwai. An buga sakamakon a 2011. Gudun da suke yi cikin daƙiƙa 16.2 ya dawo 15.5. Jefa ƙwallo a raga ya ƙaru da kashi 9 cikin ɗari. Su da kansu suka ce gajiya ta ragu, kuzari ya ƙaru. Mutum 11 ba su da yawa, amma ba a ƙara musu horo ko magani ba, barci kawai.

Iyaye, ga naku. A 2014 an buga wani bincike a kan ɗalibai 'yan wasa a wata makaranta a Kalifoniya. Masu barcin ƙasa da awa 8 sun fi sauran haɗarin jin rauni da kashi 70 cikin ɗari. Jiki magayi ne.

Mu ba mu zuwa gasar Olamfik, amma ƙwaƙwalwarmu iri ɗaya ce da tasu. Yaron da ya dawo daga gidan kallon ƙwallo da tsakar dare, ya tashi da asuba zuwa gona ko makaranta, kada a yi mamaki in ya wuni yana faɗa. Kafin a ɗauki bulala, a fara tambaya awa nawa ya yi barci.

Ga abin da za mu yi:
1. Babba ya samu akalla awa 7, matashi awa 8 zuwa 10.
2. A tsayar da lokacin kwanciya da na tashi.
3. A bar goro, kofi da shayi mai kauri tun la'asar, domin rabin ƙarfinsu yana nan a jini bayan wajen awa 5.
4. A ajiye waya kafin a kwanta, a shiga gidan sauro.
5. In dare bai isa ba, a ɗan rintsa minti 20 zuwa 30 da rana.

Wanda kuma rashin barci da baƙin ciki suka dame shi fiye da mako biyu, ya je asibiti. Kada ya sayi ƙwayar barci a kemis da kansa. Ku maƙwabta, ku raka shi.

Allah ya ba mu lafiya.