Ra'ayin 'Yan Kallo da Gumin Masu Zane



An nemi mu yi jawabi yau a kan finafinan zane na ƙasar Japan, waɗanda ake kira anime, da kuma littattafan labari cikin hotuna da akasarinsu suke fitowa daga ciki, watau manga. Mun sani akwai waɗanda suka hallara a zauren nan domin su ji mun raba gardamar nan da ta hana ɗakunan kwananmu barci, wai tsakanin Demon Slayer da Attack on Titan wanne ya fi. Ba za mu kauce mata ba. Sai dai muna so mu haɗa ta da wata tambaya: wannan ra'ayi da muke furtawa dare da rana, ina yake zuwa, a kan wa kuma yake sauka?

Bari mu fara da Demon Slayer, na Koyoharu Gotouge, wanda aka buga daga 2016 zuwa 2020 cikin littafi 23. Labarin Tanjiro ne, yaro mai sayar da gawayi, wanda ya komo gida ya tarar an hallaka iyalinsa, ƙanwarsa Nezuko kaɗai ta saura, ita ma ta rikiɗe ta zama dodanniya. Fim ɗinsa na 2020, Mugen Train, ya tara fiye da yen miliyan dubu 40 a gidajen siliman Japan, ya ture Spirited Away na Hayao Miyazaki daga matsayin da ya riƙe tun 2001. Masu kushe shi suna cewa ado ne kawai, kamfanin Ufotable ya rufe raunin labari da kyawun launi. Mu ba mu yarda da wannan duka ba. Wa da yake goyon ƙanwarsa cikin akwati yana nema mata magani, wannan magana ce ta zumunci, kuma sauƙin labari ba aibu ba ne. Inda muka ba su gaskiya shi ne ɗabi'ar nan ta tsayar da faɗa yana tsakiyar zafi a koma ba mu tarihin ƙuruciyar dodo. Wanda ya kalli Infinity Castle na 2025 ya san abin da muke nufi.

Shi kuwa Attack on Titan, na Hajime Isayama, sha'aninsa dabam ne. Ya fara a 2009 da mutane da suka ɓuya bayan ganuwa saboda tsoron ƙattai masu cin mutane, sannu a hankali ya zama labarin yaƙi da gaba da alhakin kakanni da ake ɗora wa jikoki. Da babin ƙarshe ya fito a Afrilun 2021, sai masoyansa suka dare gida biyu. Wasu suka ce marubucin ya sassauta wa Eren bayan ta'asar da ya tafka, wasu suka ce ba a fahimce shi ba ne. Abin lura a nan shi ne, da aka buga littafi na 34 an ƙara wasu shafuka a ƙarshensa, sa'an nan da aka nuna kashin ƙarshe a telebijin a Nuwamban 2023 an gyara zancen da ya gudana tsakanin Eren da abokinsa Armin. Idan dole sai mun zaɓa, to, mu Attack on Titan muka ɗauka, domin ya fi barin mutum da tunani bayan an kashe na'ura. Waɗanda ba su gamsu ba, ga lokacin tambayoyi nan tafe.

To, jama'a, a Japan ra'ayin mai karatu ya wuce hirar teburin mai shayi. Mujallar Weekly Shonen Jump, wadda kamfanin Shueisha ya kafa a 1968, wadda kuma a tsakiyar shekarun 1990 take buga fiye da kwafi miliyan 6 a mako, ta daɗe da al'adar saka katin tambaya a cikin kowace fitowa. Mai karatu zai zaɓi labarai uku da suka fi burge shi, ya aika. Labarin da ya yi ta zuwa a baya, sai a datse shi cikin 'yan watanni, ko da marubucin bai kai inda ya nufa ba. Wanda ya yi farin jini kuwa ya shiga wata ɗawainiyar, gama kowane mako sai ya kawo shafi wajen 19, shekara da shekaru. A wannan mujalla Dragon Ball da Naruto da One Piece da shi kansa Demon Slayer suka tashi.

Wannan tsari ya haifar da labarai masu riƙe zuciya, ba musu. Amma jikin ɗan Adam ne yake biya. Yoshihiro Togashi, mai Hunter x Hunter, ya sha dakatar da aikinsa saboda ciwon baya, wani lokaci har shekaru. Eiichiro Oda, wanda yake zana One Piece tun 1997, ya tsaya wata guda a 2023 domin a yi masa aikin ido. Duk lokacin da irin wannan ta faru, sai ka ji waɗansunmu suna gunaguni kamar an hana su gadon ubansu.

Waɗannan ma manya ne, masu suna da dukiya. Ƙananan masu zane a kamfanonin anime su ne abin tausayi. Tun da Osamu Tezuka ya fara nuna Astro Boy a telebijin a 1963, kashi ɗaya kowane mako bisa kuɗi ƙalilan, sana'ar ta ginu a kan gaggawa da tsimi. Kashi ɗaya na minti ashirin da 'yan kai yana cin zane dubbai, kuma da yawa daga sababbin shiga ba albashi suke karɓa ba, ana biyansu ne gwargwadon yawan takardun da suka zana. A ƙarshen 2023, sa'ad da ake nuna zango na biyu na Jujutsu Kaisen, waɗansu daga masu zanensa sun fito fili a intanet suna kokawa da ƙurewar lokaci da yawan aiki. A daidai makonnin nan ne mu kuma muke ta tsayar da hoto muna neman inda hannu ya karkace domin mu yi dariya. Kafin wannan, a farkon 2021, waɗansu 'yan kallo sun bi ma'aikatan zangon ƙarshe na Attack on Titan da zagi har shafukansu, saboda an yi ƙattai da kwamfuta, ko saboda kiɗan da aka sa bai yi musu ba.

Wani zai ce, mu da muke nesa, ina ruwanmu? A zamanin da iyayenmu suke kallon Voltron a tashar NTA, lalle ba ruwansu, yawancinsu ma ba su san asalinsa daga Japan yake ba. Yau kuwa abin da ɗalibi ya rubuta daga ɗakinsa yana iya isa wayar mai zanen cikin daƙiƙa, na'ura ta fassara masa. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin abin da muke kallo daga waya zuwa waya muke turawa, ko kwabo ba ya isa hannun wanda ya zana. Ba mu zo wa'azi a kan haka ba, mun san halin aljihun ɗalibi. Amma wanda bai biya ba, ya kamata harshensa ya yi sauƙi. Suka halal ce, mu ma yanzu muka gama yinta. A soki labari, a soki kamfanin da ya tsara lokacin da ba zai isa ba, a ƙyale yaron da ya kwana a kan tebur.

Domin mu ga abin da lokaci yake saye, mu dubi The Boy and the Heron na Miyazaki, wanda ya fito a Yulin 2023 ya kuma ci kyautar Oscar a 2024. Mai ɗaukar nauyin aikin, Toshio Suzuki, ya bayyana a 2020 cewa masu zane 60 minti ɗaya kacal suke kammalawa a wata. Ba kowane kamfani ne yake da wannan sukuni ba, kuma ba mu ce fim ɗin ya yi wa kowa daɗi ba. Akwai abokanmu da suka yi gyangyaɗi a tsakiyarsa.

Har One Piece, wanda aka yi ta nunawa kusan kowane mako tun daga 1999, ya tafi hutu daga Oktoban 2024 zuwa Afrilun 2025, daga baya kuma kamfanin Toei ya ba da sanarwa cewa daga 2026 ba zai wuce kashi 26 a shekara ba. Masoyansa sun sake rabuwa, waɗansu suna cewa an rage musu abinci, waɗansu suna cewa dama jan labarin ya yi yawa. Mu muna tare da na biyun.

Shugaba, a nan za mu dakata. Mun ga 'yan Demon Slayer na layin baya sun riga sun ɗaga hannu.