Kusurwa Huɗu ce, Wacce Za a Lanƙwasa?



Duk wanda ya tsaya a tashar jirgin ƙasa ta Piccadilly a Manchester ko ta New Street a Birmingham ya ciro waya ya nemi wani wuri a taswirar Google, ya san wani shafi da ke tasowa daga gindin fuskar wayar ɗauke da sunan wurin da nisansa. Kusurwoyinsa biyu na sama a lanƙwashe suke, na ƙasa kuwa sun tafi sak sun haɗe da bakin wayar. Ba a gaya wa mai wayar komai ba, amma babban yatsansa ya riga ya gane cewa daga ƙasa shafin ya fito, a ja shi sama ya buɗe, a tura shi ƙasa ya koma. Da an lanƙwasa duka huɗun, da sai a ɗauka kati ne da ke yawo a tsakiya. Da an bar duka da tsini, da zai yi kama da wani sashe na taswirar. Zaɓen kusurwar da za a lanƙwasa da wadda za a bari bayani ne ake yi wa mutum ba da baki ba, kuma masu ɗaukarsa a matsayin kwalliya kawai su ne ke ɓata shi.

Ranar 21 ga Yuni 1948, na'urar da Freddie Williams da Tom Kilburn da Geoff Tootill suka haɗa a Jami'ar Manchester ta gudanar da shirin farko da aka taɓa ajiyewa a ƙwaƙwalwar kwamfuta mai aiki da lantarki. Ana kiranta Baby, kuma kwafinta na nan a gidan tarihin kimiyya da masana'antu na birnin. Abin da take nunawa ɗigo-ɗigo ne na haske, 32 a kwance, 32 a tsaye. Fuskar wayar yau tana da ɗigo miliyoyi, amma jerinsu bai sauya ba: layi-layi ne a kwance da a tsaye. Saboda haka kusurwa mai tsini ba ta ba kwamfuta wahala. Lanƙwasa kuwa sai an yi lissafi, a san ɗigon da za a kunna da wanda za a kashe, a kuma shafa wa na gefe rabin launi don kada ido ya ga baki kamar haƙoran zarto.

A 1981 Bill Atkinson na kamfanin Apple ya samo hanyar zana da'ira cikin sauri a kan injin da lissafi mai nauyi ke ci wa lokaci. Dabararsa ɗan firamare ma zai gane ta: 1 da 3 sun ba da 4, a ƙara 5 a sami 9, a ƙara 7 a sami 16. Da tarawa kaɗai yake samun lambobin da da'ira ke bukata. Ya kawo aikin yana murna, sai Steve Jobs ya tambaye shi ko zai iya zana akwati mai lanƙwasassun kusurwoyi. Atkinson ya ce ba ya ganin bukatar hakan. Kamar yadda abokin aikinsu Andy Hertzfeld ya ba da labari, Jobs ya fitar da shi waje suka zaga unguwa yana nuna masa siffar a ko'ina, har suka iso kan wata alamar hana ajiye mota, nan Atkinson ya sallama. Washegari ya dawo da abin yana aiki.

Da a Ingila aka yi wannan zagayen, da ba su yi nisa ba. Allunan hanya da Jock Kinneir da Margaret Calvert suka tsara, waɗanda aka fara kafawa a hanyar Preston a 1958, wadda yau take cikin M6, kusurwoyinsu a lanƙwashe suke. Direban da ya taso daga Manchester ya bi M6 har ya shiga cukurkuɗaɗɗiyar mahaɗar Gravelly Hill da aka buɗe a Birmingham a 1972, su yake bi tun daga farko har ƙarshe. Katin banki da ke aljihunsa shi ma haka, an ƙayyade lanƙwasarsa da kusan milimita 3 don kada ya tsaga aljihu ko ya maƙale a na'ura. Amma katin SIM ya fi su koyarwa. Kusurwa ɗaya tak aka sare masa, kuma saboda ita ko a duhu ba a saka shi a baibai. Masu gyaran waya a Farm Centre ta Kano suna taɓa wannan kusurwar da safe har dare.

Ɗan makarantar allo ma ya san wannan tun kafin ya iya baƙi. Allonsa na da mariƙi a sama, gindinsa kuma a lanƙwashe yake yadda zai zauna a cinya, don haka siffar kaɗai ta isa ta nuna masa ina ne sama.

Masu binciken halayyar ɗan Adam sun ce ido ya fi sakewa da abu mai lanƙwasa. Moshe Bar da Maital Neta sun wallafa gwajinsu a 2006, inda mutane suka fi son hotunan abubuwa masu lanƙwasa a kan takwarorinsu masu tsini. Ana yawan kafa hujja da wannan bincike fiye da kima. Bai ce a lanƙwasa komai ba. Shafin gwamnatin Birtaniya na GOV.UK, wanda aka buɗe a 2012 da haruffan da aka samo daga na su Calvert, ya zo da koren maɓalli mai kusurwa huɗu tsaf, kuma mutane sun yi ta biyan haraji da sabunta fasfo da shi ba tare da sun ɓata ba.

Inda maganar ta fi daɗi shi ne wurin saƙonni. A manhajar Messenger, idan mutum ya aika saƙo uku a jere, na farko kan zo da cikakkiyar lanƙwasa a sama, na ƙarshe da cikakkiya a ƙasa, kusurwoyin da ke tsakani ta ɓangaren mai magana kuma a matse. Ido na ganin ukun ya san numfashi ɗaya ne na mutum ɗaya. A WhatsApp kuwa kusurwa ɗaya ce ke fitar da ɗan wutsiya tana nuna ɓangaren mai maganar. Haka jerin saituna a iPhone: layin farko ya ɗauki lanƙwasar sama, na ƙarshe ya ɗauki ta ƙasa, na tsakiya ba su da ko ɗaya, sai a gane iyali guda ne. Ƙa'idar ba ta da wuya. Gefen da ke jingine da wani abu a bar shi miƙe, gefen da ke sake a lanƙwasa shi. Mai zanen da ya saɓa wa wannan sai ka ga 'yan ramuka masu kusurwa uku sun buɗe tsakanin layi da layi, launin baya yana leƙowa.

Akwai kuma lissafin akwati a cikin akwati, wanda sababbin shiga suka fi faɗawa. A ce katin waje an lanƙwasa shi da ɗigo 16, an bar tazarar ɗigo 8 kafin hoton da ke ciki. Idan shi ma hoton aka ba shi 16, tazarar za ta kumbura a kusurwa ta yi kauri fiye da gefe. Daidai shi ne a cire tazarar daga lanƙwasar waje, 16 a debe 8, hoton ya sami 8. Kafinta mai haɗa firam ya san haka da hannunsa ko bai taɓa rubuta lissafin ba.

Kayan aikin sun daɗe kafin su kamo bukatar. A farkon shekarun 2000 masu gina shafukan intanet hotuna huɗu ƙanana suke yankawa su liƙa a kusurwoyi, kuma idan aka sauya launi sai a sake yanka. Umarnin border-radius ya kawo sauƙi: lamba huɗu, a fara daga sama ta hagu a zaga yadda agogo ke tafiya. Sai a 2011 Internet Explorer ta karɓe shi. A Android an daɗe ana iya ba kowace kusurwa lambarta, sai dai a nau'o'in kafin 3.1 kusurwoyin ƙasa biyu musanye suke, ka ce hagu ta lanƙwasa dama, har masu rubuta manhaja suka riƙa ajiye fayil biyu. A iPhone sai a 2017, da iOS 11, aka sami maskedCorners da ke ba da damar zaɓen kusurwa kai tsaye. Har yanzu akwai tarko: kafin Android 13 ta 2022, hanyar da tsarin ya tanadar don datse abin da ke cikin akwati ba ta aiki sai kusurwoyin huɗu sun zama daidai. Don haka katin da ya fito tas a sabuwar wayar mai zane a Salford yana iya zuwa kan tsohuwar Tecno ko Itel a Kantin Kwari da hoto ya tsallake lanƙwasa ya fito da tsininsa. Wanda ke gina manhaja don mutanen gida wajibi ne ya ajiye irin wannan wayar a teburinsa.

Sai batun da ya fi shafar Manchester da Birmingham. Wanda ya bi Wilmslow Road a Rusholme ta Manchester, ko Stratford Road da Alum Rock Road a Birmingham, zai ga allunan shaguna da Larabci da Urdu da Kurdanci, duk rubutun da ake farawa daga dama. Masu bincike a Jami'ar Manchester sun ƙiyasta cewa harsunan da ake yi a birnin sun kai kusan 200. Hausa kanta tana da ajami, kuma ba kaɗan ba ne dattawa da almajiran da suka fi sakewa da shi a kan boko. Idan aka mai da waya Larabci ko Urdu, fuskar gaba ɗaya tana juyawa: jerin da ke fitowa daga hagu ya koma dama, kibiyar komawa baya ta sauya alƙibla. Mai zanen da ya rubuta cewa a lanƙwasa kusurwoyin dama, to a nan za su tsaya ko da shafin ya ƙaura. Sai a sami shafi ya fito daga dama da lanƙwasarsa manne da bakin waya, tsininsa kuma yana kallon tsakiya. Mai karatun Turanci ba zai taɓa ganin wannan ba. Hajiyar da ke neman lokacin ganin likita da Urdu a Sparkbrook ta Birmingham ita ke gani, kuma tana gane cewa ba a yi aikin da ita a zuciya ba.

Maganin yana nan a hannu. Android ta fara juya fuska da kanta tun nau'in 4.2 a 2012, iPhone ta bi da iOS 9 a 2015. Sababbin kayan aiki irin su RoundedCornerShape a Compose da UnevenRoundedRectangle a SwiftUI ba sa tambayar hagu ko dama. Suna tambayar kusurwar da ke wajen mafarin layi da wadda ke wajen ƙarshensa, sai su juya da kansu idan harshe ya juya. Tun ranar 23 ga Yuni 2021 doka ta wajabta wa manhajojin hukumomin gwamnati a Birtaniya su zama masu sauƙin amfani ga masu lalura, ta gani ko ta ji ko ta motsi. Dokar ba ta yi maganar ajami ba, kuma da wuya wani ya tuna da shi idan ba 'ya'yan Hausawa da ke karatun kwamfuta a jami'o'in garuruwan biyu ba.

Gwajin ba ya cin ko sisi. A shiga saitunan wayar Android, a taɓa lambar ginin tsarin sau bakwai, zaɓuɓɓukan masu gina manhaja su buɗe. A cikinsu akwai maɓallin da ke tilasta wa komai farawa daga dama ko da harshen wayar Turanci ne. Ɗalibin da ya kunna shi ya bi shafukan manhajarsa ɗaya bayan ɗaya zai ga duk kusurwar da ta ƙi juyawa, ya gyara ta kafin ya miƙa aikin ga malaminsa.