Jawabin Cikar Shekara: Gyaɗarmu da Lafiyar Hanta

An ce in yi magana a kan gyaɗa mai fumfuna, tunda yawancinmu da mai da ƙuli-ƙuli muke riƙe gida.

Kwanaki wata babarmu ta ce min, "'Yar nan, tun muna yara muke cin gyaɗar nan, ga mu garau." Gaskiya ta faɗa, sai dai labarin mutum ɗaya ba ya yanke hukunci. Su ma masana ba da bincike ɗaya suka yanke ba.

A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da gyaɗar Brazil. Nan aka gano gubar da fumfuna ke fitarwa, wato aflatoksin. Amma talotalo ba mutum ba ne. Sai aka duba yankuna a Kenya, Mozambik da Tailan, aka ga inda gubar ta fi yawa a abinci, nan kansar hanta ta fi yawa. To, ga cikas: a wuraren nan ciwon hanta nau'in B ma ya yaɗu, kuma shi kansa yana kawo kansa. Wa za a ɗora wa laifi?

Sai aka ɗauki fitsari da jinin maza sama da 18,000 a Shanghai ta ƙasar Sin, aka bi su shekaru. Masu alamar gubar kaɗai, haɗarinsu ya ninka kamar sau 3. Masu ciwon hanta kaɗai, kamar sau 7. Masu duka biyun kuwa, kusan sau 60. Kun ga, kowanne na cutarwa, amma in sun haɗu abin ya fi muni. Da aka tara hujjar dabbobi da ta mutane, hukumar binciken kansa ta duniya ta sa gubar cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. In ta yi yawa ma nan take take kisa: a 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya saboda masara.

Batun tsumburewar yara kuma daban ne. A Benin da Togo an ga yaran da gubar ta fi yawa a jininsu sun fi tsumburewa, amma talauci ma na tsumburar da yaro, don haka wannan hujjar ba ta kai ta hanta ƙarfi ba. In kun ji an ce "bincike ya nuna", ku tambaya: mutum nawa, kuma an cire sauran dalilai?

Yanzu namu aikin. Suya ba ta kashe gubar nan, kuma in an matse mai, yawancinta a tunkuza take zama, wato a ƙuli-ƙulin da yaranmu ke ci. Mu shanya gyaɗa a kan tabarma ta bushe ƙarau, mu ɗora buhu a kan katako, mu tsince mai baƙi da motsattsiya. Tsintar kuma kada a ba akuyar da ake tatsa, don gubar na bi ta nono. Jariri a kai shi riga-kafin ciwon hanta ranar da aka haife shi.

Roƙona, Shugaba, bana ƙungiya ta daina sayen gyaɗa mai araha da ta sha ruwa, ko da riba za ta ragu. Allah Ya ƙara mana lafiya da albarka.