Dubu Saba'in a Kan Allo



Mu da ke koyar da lissafi mun daɗe da lura cewa ɗalibi yana iya karanta babbar lamba ba gargada, amma da zarar an tambaye shi abin da ke cikinta sai ya sunkuyar da kai. Laifin namu ne: mun koya masa kiran sunanta, ba mu koya masa yi mata tambaya ba. Saboda haka muka zo da lambar da babu wanda bai san ta ba a zauren nan, wato 70,000, mafi ƙarancin albashin da aka sanya wa hannu a Yulin 2024.

Mu fara da rushe ta. 70,000 ita ce 7 sau 10,000, kuma kowace goma 2 ce sau 5. Ke nan tubalanta su ne 2 sau huɗu, 5 sau huɗu, da 7 guda ɗaya tak, dukkansu lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu. Daga nan yaro zai iya ƙirga lambobin da ke raba ta ba saura, ba tare da ya gwada su ɗaya-ɗaya ba: ya ƙara ɗaya a kan huɗu, da huɗu, da ɗaya, ya buga 5 sau 5 sau 2. Amsa 50.

Babu 3 a cikin tubalan nan, kuma rashinta na da sakamako. 'Yan'uwa uku da suka sayar da albasa a kasuwar Achida kan wannan kuɗi ba za su raba shi daidai ba, sai naira ɗaya ta yi saura. A raba shi ga kwanaki 30, kowace rana ta sami 2,333, a bar 10. Abin sha'awa, tsohon albashin 2019, wato 30,000, bai bambanta da shi ba sai a tubali ɗaya: 3 ce a gurbin 7. Shi ma masu raba shi 50 ne, amma yana faɗawa dubu-dubu cif a kowace rana.

Magabata sun kasa lambobi gida uku, kamar yadda ya zo a littafin Nikomakus wanda Sabitu ɗan Ƙurra, da ya rasu a Bagadaza a 901, ya mayar da shi Larabci. A tara masu raba lamba, ban da ita kanta. In jimillar ta yi daidai da ita, kamar 6 da 28, cikakkiya ce. In ta gaza, kamar 8, tauyayyiya ce. In ta zarce, mai rara ce. Masu raba 70,000 sun tashi 123,688, saboda haka a wurin masana mai rara ce. Ko kasuwa ta yarda da wannan hukunci, mun bar wa zaman walwalar ma'aikata na yamma.

Duk wannan bai ci komai ba sai alli da minti arba'in. Roƙonmu shi ne kowace makaranta ta ba 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare lamba ɗaya daga rayuwarsu, kuɗin buhun shinkafa ko na taki, su rushe ta da kansu. A zo mana da takardun yaran a taron reshe mai zuwa, har da waɗanda suka yi kuskure, domin su muka fi bukatar gani.