Jaririn da aka tsinta a bakin lambatu: jawabina ga ɗalibai da malamai a Gamkalle

Iyayena malamai, 'yan uwana ɗalibai da kuka ƙetaro gada daga Harobanda, da marubutan da ke tare da mu, sannunku da zuwa.

Bara da damina, a nan unguwarmu, yara suka tsinci jariri cikin leda a bakin lambatu. Ina wurin. Wata tsohuwa ce ta kwance zanenta ta naɗe shi, amma kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da jama'a suka yi ta yi. Kowa na tambayar ko 'yar gidan wa ce ta yi wannan ɗanyen aiki. Har aka watse ban ji mutum ɗaya ya tambayi wanda ya yi mata cikin ba.

Mu da muke cewa muna kare ran ɗan tayi, a fagen doka ba mu da abin kuka. A watan Yuni na 2006 majalisar dokokin ƙasarmu ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo, wadda sashenta na 14 ya buɗe ƙofar zubar da ciki a wasu halaye. Dokar lafiyar haihuwa ta wannan shekarar kuma ba ta yarda da shi ba sai in cikin na barazana ga rai ko lafiyar uwa, ko an tabbatar da mummunar cuta a jikin ɗan. Malamanmu na Malikiyya kuwa, sun fi kowa tsanani a kan wannan mas'ala. To, doka na gefenmu, mumbari na gefenmu, amma jariri na mutuwa a lambatu. Me ya sa?

Ni dai amsar da na samu ita ce tsoro. Yarinya 'yar shekara goma sha shida ta san abin da ke jiranta: duka, kora daga gida, barin lakwal, da sunan da za a kira ɗanta da shi har ya tsufa. Shi kuwa gogan yana fada yana shan shayi. Wannan tsoron ne ke kai ta wurin mai jiƙe-jiƙe, ko ta haɗiye ƙwayoyin da ta saya a bakin titi. Ku tambayi 'yan uwanmu masu karatun likita da ke zuwa koyon aiki a Issaka Gazobi irin halin da ake kawo waɗannan yaran. Wani lokaci rai biyu ake rasawa.

Ku 'yan sashen shari'a, akwai dokar Disamba 2017 ta kare 'ya mace da ke makaranta. Iyaye nawa ne a Gamkalle suka taɓa jin ta? Ku fassara ta da Zabarmanci da Hausa, ku kai ta gidan rediyo.

Marubuta, ina da ƙorafi a kanku, kuma da ni a ciki. Muna rubutu da Faransanci don junanmu, mu tafa wa kanmu. Uwar da za ta yanke shawarar korar 'yarta ko riƙe ta ba ta karanta mu. Wasan kwaikwayo na minti goma a WhatsApp zai isa kunnenta.

Malam, da girmamawa nake roƙo: ranar Juma'a a tuna wa mutane cewa jariri bai yi laifin kowa ba, kuma zunubin namiji bai fi na mace sauƙi ba. In wannan magana ta fito daga bakinku, wallahi ta fi takardunmu ɗari.

Mu kuma a ƙungiya, abin da muke nema yau kaɗan ne: gidaje uku a unguwar nan da za su iya karɓar yarinyar da aka kora har ta haihu, da mata biyu da za su riƙa raka ta awon ciki. Gida ɗaya ya samu, na gwaggona ne. Takarda na bakin ƙofa, mai niyya ya rubuta sunansa kafin a tashi sallar la'asar.