Wa'azin Dare Na Tara: Littattafan Da Matashi Zai Fara Da Su

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurare a Gidimuni da kewaye, maganarmu ta daren nan da matasa take, amma iyaye su ma su kasa kunne. A cikin wannan wata aka fara saukar da Alƙur'ani a kogon Hira, kuma umarnin farko da ya zo shi ne na karatu.

Shekaranjiya bayan sallar asham wasu samari suka tare ni, suna gardama kan wata mas'ala da suka ji a wayar salula. Kowa yana kafa hujja da malaminsa. Sai na tambaye su: wanda ya manta zaman tahiyar farko, sujadar ƙabli zai yi ko ta ba'adi? Aka yi tsit. Wallahi abin ya dame ni, domin sallar da ake yi sau biyar kowace rana ta fi cancantar a san gyaranta.

To, yarana, ga shawarata. Ku fara da Ahalari. Ƙaramin littafi ne, a cikinsa za ku san tsarki, da farillan salla, da gyaran rafkanuwa. Wanda ya sauke shi ya kama Ishmawi, sannan Iziyya, sannan Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani. Risalar nan da muke ganin ta manya ce, domin koyar da yara aka wallafa ta, fiye da shekara dubu da suka wuce.

A fannin hadisi, ku riƙe Arba'una ta Imamu Nawawi. Hadisai 42 ne kacal. Wanda ya haddace biyu kowace rana daga gobe, zai kammala kafin a ga watan salla. Domin ladabin neman ilmi kuwa, ku nemi Ta'alimul Muta'allimi na Zarnuji. Ƴan mata da iyayensu su nemi a karanta musu Nurul Albabi na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, inda ya zargi masu barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci.

Kada wani ya ce shi yaro ne. Tafsirin Jalalaini da kuke ji a masallatanmu duk azumi, Imamu Mahalli ya rasu bai gama shi ba. Almajirinsa Suyuɗi ya ƙarasa rabin da ya saura cikin kwana 40, ya fara ranar 1 ga Ramadan na shekara ta 870 bayan Hijira, alhali bai wuce shekara 22 ba.

Sharaɗi ɗaya ne: ku karanta a gaban malami, baƙi da fassara, kuma kada ku buɗe na biyu sai kun rufe na farko. Ku da kuka tashi a bakin tafki kun san yadda ake ban ruwa a garka: sai fangali ya ƙoshi ake karya wa na gaba.

Ƴan makarantar boko, ban manta da ku ba. Ku riƙe darussanku da kyau, a lokacin hutu kuma ku karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam, harshenku ya ƙara kaifi.

Iyaye kuma, wanda zai je Damagaram sayayyar salla, ya haɗa wa ɗansa da littafi ko da guda ɗaya. Riga za ta tsufa kafin baɗi, Ahalari kuwa ƙannensa ma za su gaje shi.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya karɓi azuminmu, ya shirya mana zuriya, ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Wassalamu alaikum warahmatullah.