Jawabi Ga Jama'ar Maruda Kan Rajistar Zaɓe

Ya ku iyayenmu da 'yan'uwanmu talakawa da 'yan kasuwa.

Wanda ba sunansa cikin littafin masu zaɓe, ba shi da baki ran jefa ƙuri'a, ko da ya fi kowa ihu wurin taro.

Ku tuna, a zaɓen 1951 talakan Arewa bai zaɓi wakilinsa kai tsaye ba, sai hawa-hawa, daga ƙauye har lardi. A 1959 maza kaɗai suka jefa ƙuri'a. Mata kuwa sai 1976, bayan su Gambo Sawaba sun sha ɗauri. To, abin da aka samu da wuya haka, mu bar shi don ƙyuyar zuwa Gwandu?

In an buɗe rajista, duk mai shekara 18, namiji ko mace, ya je ofishin Hukumar Zaɓe, watau INEC. Ba a biyan ko kwabo. Sau ɗaya ake yi, biyu laifi ne. Wanda ya yi ƙaura ya nemi a sauya masa rumfa. Sa'an nan lalle a koma a karɓi katin, nan ne muke sakaci.

Masu cewa ƙuri'a ɗaya ba ta kome, su dubi zaɓen gwamnan Kebbi na 18 ga Maris 2023. Bai kammala ba sai da aka koma wasu rumfuna ran 15 ga Afrilu. Ran nan mai kati kaɗai aka nema.

In wani ya zo da gishiri ko atamfa, ya ce ku ba shi katinku ya ajiye muku, ku ce masa kuna da akwati a ɗaka.